Motar da ta kwanta: a gyara ta, a yanka ta, ko a kira 'yan gwangwan?

A ƙofar gidanmu da ke Badariya, cikin Birnin Kebbi, akwai bishiyar dogon yaro. A ƙarƙashinta motata ƙirar Fijo 406 ta yi wata ashirin da biyu ba ta motsa ba. Muna dawowa daga Jega ne a watan Nuwamban 2022 tiyon lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye, kafin idona ya kai kan allurar zafi injin ya riga ya buga. Da igiya aka jawo ta gida. Na ce in an yi albashi zan tayar da ita. Aka yi albashi, kuɗin makarantar yara ya cinye. Aka shiga wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, sannan ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, kuɗin injin da aka faɗa mini da farko ya zama labari.

Duk wanda ya zaga unguwanninmu ya san ba ni kaɗai ba ne. Gesse, Rafin Atiku, Nasarawa, Tudun Wada, da wuya ka bi layi biyu ba ka ga mota a kan duwatsu ba, ƙura ta rufe gilashi, yara sun yi rubutu da yatsa a jiki. Mai ita kullum yana cewa zai gyara. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in baje hanyoyin da mutum zai bi ya mayar da irin wannan mota kuɗi, da ribar kowace da asararta, kamar yadda na gani da idona lokacin da nawa ya zo.

Kafin a kai ga hanyoyin, a san cewa ajiyar ma tana da farashi, ko da ba a ga ana biya ba. Zafin Maris zuwa Mayu a nan yakan haura digiri 40, kuma roba ba ta jure masa a tsaye: tayoyi su tsattsage, robobin ƙofa da na gilashi su bushe, dashbod ya dare. Damina ta zo, ruwa ya bi ta inda robar ta bushe ya kwanta ƙarƙashin kafet, ƙasan motar ya fara ruɓa daga ciki. Fetur ɗin da ya rage a tanki ya lalace ya kama famfo. Birki ya manne. Ɓeraye su shiga su ci wayoyi. Ranar da na buɗe bonet bayan shekara guda, sheƙar ɓera na tarar a bayan batir, an tara tsummoki da ɓawon gyaɗa, wayoyi uku an gwaguye su har jan ƙarfen ya fito. Madubin gefen dama kuwa ban san daren da ya tafi ba. Na kawo ta gida da ciwo ɗaya, ta koma mai ciwo goma.

Akwai masu cewa ai tunda dala ta tashi, kayan mota ma tashi suke yi, don haka ajiyar riba ce. Gaskiya ne dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma farashin motoci ya bi ta. Amma shinkafa da siminti da kuɗin makaranta ma sun bi ta. Adadin da za a ba ka ya ƙaru, abin da zai saya maka bai ƙaru ba, motar kuma kullum raguwa take yi.

To, matakin farko shi ne ka san ainihin abin da ya mutu. Ka nemo bakanike wanda ba shi da niyyar saye, ka biya shi kuɗin dubawa, ka faɗa masa tun farko cewa ba shi za ka sayar wa ba. Wannan ɗan kuɗin shi ne mafi albarka a duk cinikin, domin wanda yake son sayen saniya ba shi ake tambaya ko ciwonta na warkewa ne ba. Abu huɗu nake so ka sani: halin injin, halin giya, halin bodi da shasi, sannan kai da kanka ka duba takardu. Sai tambaya ta biyar, wadda mutane suka fi mantawa: shin 'yan'uwan motar nan suna kan titi har yanzu? Golf da Sharon da Corolla da 406 da tsofaffin Honda Accord sun cika hanyar Argungu da Sakkwato da ta Jega zuwa Yawuri, kowace rana wata tana neman fitila ko ƙofa ko giya. Motar da sai an yi tafiyar kwana kafin a ga irinta, komai kyanta, kasuwar kayanta a Kebbi ƙarama ce.

Hanya ta farko, wadda zuciya ta fi so, ita ce a gyara sannan a sayar. Mota mai tashi tana da masu saye da yawa: ma'aikaci, ɗan kasuwa, direban tasha, wanda zai yi wa iyali. Mai saye ya murɗa makulli ya ji ƙarar injin, ya zaga da ita, hankalinsa ya kwanta. Matacciya kuwa kowa tayin tsoro yake yi mata, domin yana sayen abin da bai ji ba.

Lissafin dai ɗaya ne. Ka tambayi dillalai biyu ko uku nawa irin motarka take in tana lafiya. Ka nemi tayi a kanta yadda take a kwance. Bambancin da ke tsakani shi ne iyakar abin da gyara zai iya dawo maka da shi. Sai ka ɗauki kuɗin gyaran da bakanike ya faɗa, ka ƙara masa aƙalla kashi ɗaya cikin uku, domin ba a taɓa buɗe motar da ta daɗe a kwance ba tare da an gano wani abu ba. In bayan haka akwai ragowa mai kauri, gyara ya yi. In ragowar siririya ce, ka bar shi.

Gyara yana biya ne in ciwon ɗaya ne kuma an san shi: famfon mai, kik, kulochi, birenbos (wato kwamfutar motar), gasket ɗin da aka kama da wuri. Amma in maganar injin ce gaba ɗaya, sai a yi hattara. Ko dai a yi mata ringi, a sauya fistin da metal, a kai karanshaf a goge, ko a sayo injin Baljiyam, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Na farkon ya fi araha, sai dai ya dogara kacokan ga hannun mai aikin da ingancin kayan da aka sa, kuma masu saye suna rage wa motar da aka buɗe injinta daraja da zarar sun ga alamar sifana a kan notuna. Na biyun ya fi kwanciyar hankali, amma kuɗinsa dala yake bi, ga kuɗin kawowa, ga ɗan gajeren lokacin gwaji da masu sayarwa suke bayarwa, wanda in ya wuce kafin bakanikenka ya gama ɗaurawa, shi ke nan. In ka sauya injin, ka riƙe rasit, domin lambar injin da ke takardunka ta daina dacewa da wadda ke cikin motar. Na ga mutum a layinmu ya ci bashi ya sa injin, da aka tayar sai giya ta ƙi shiga, aka gyara giya sai wayarin ya tashi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Daga ƙarshe kuɗin da ya sayar bai kai abin da ya zuba ba.

Akwai wani gyaran da ba na so ko kusa, kuma ya yi yawa a kasuwarmu: a zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya na kwana biyu, a cika ramin tsatsa da foti a fesa fenti, a cire ƙwan da ke nuna matsala a dashbod. Wannan algus ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya algushe mu ba ya cikinmu, kuma ya ce mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu. Wanda zai sayi irin motocin nan yawanci talaka ne da ya tara kuɗin shekaru, ko ya sayar da shanu, yana fatan ya shiga layi a tasha ya ciyar da iyali. Ka faɗa masa abin da ka sani. Garin nan ma ƙarami ne, gobe a wajen ɗaurin aure za ku haɗu.

Hanya ta biyu ita ce a sayar da ita ɗungurungum yadda take. A ganina, ga mafi yawan mutane wannan ce ta fi, kuma a kanta zan fi tsayawa, domin a nan ne ake samun bambancin farashi mafi girma a kan mota ɗaya.

Masu sayen motar da ta kwanta iri biyu ne, kuma idonsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai son ya tayar da ita: bakanike mai gareji, ko direban haya da ke da injin a ajiye daga motarsa da ta yi haɗari. Shi bodi yake dubawa da takardu. In shasi bai taɓa lanƙwasa ba, ƙasa bai ruɓe ba, takardun kwastan sun cika, to a wajensa motar tana da daraja, domin aikin da za a caje ka kuɗi mai yawa a kansa shi da hannunsa zai yi. Akwai kuma mai yanka, wato ɗan kasuwar kayan gyara. Shi kamar mahauci yake kallon saniya: wannan cinya ce, wannan hanta ce, wannan fata ce. Takardu ba su ƙara masa kuɗi, illa su tabbatar masa ba ta sata ba ce. Abin da yake ƙirgawa shi ne giya, ƙofofi huɗu, fitilu, gilashin gaba, bamba, kwamfiresan iyakwandishan, altaneta.

Daga nan za ka gane wa ya kamata ka kira. Injin ya mutu amma bodi garau, takardu cikakku: nemi mai tayarwa. An yi haɗari bodi ya murɗe amma injin da giya lafiya: nemi mai yanka, ko direban da injinsa ya gaji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira mutum ɗaya, yawanci bakaniken gida, ya yi tayi, a sallama don kunya. Ba na cewa kanikawa ba su da amana, da yawansu mutanen kirki ne da suka rufa mana asiri a kan hanya. Amma ciniki ciniki ne. Ka samu tayi uku daga mutane uku da ba su san juna ba, kuma kada ka gaya wa na biyu abin da na farko ya taya.

Ga yadda nawa ya kasance. Mai yanka ya fara zuwa, wani dattijo mai shago, ya zaga motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa salansa da makulli yana saurare. Ya miƙe ya ce, "Malam, gaskiya motar ta sha rana. Ni giyar da ƙofofin nake so, sauran nauyi ne." Ya yi tayi. Na ce, "Albarka, Alhaji." Ya ce in na yi shawara in neme shi. Bayan kwana huɗu wani matashin bakanike ya zo da direban da yake yi wa aiki, wanda tasa 406 ɗin ta faɗa rami ta lalace amma injin ya tsira. Su ba su ma buɗe bonet da farko ba. Kafet suka ɗaga, suka duba ƙasa, suka haska lambar shasi da fitilar waya suka gwada da takarda. Direban ya ce, "Baba, in takardun nan na gaskiya ne, mun daidaita." Tayinsu ya zarce na dattijon da nisa, a kan mota ɗaya, a mako ɗaya. Dattijon bai cuce ni ba, abin da zai ci a cikinta ya taya. Su kuma abin da suka rasa ne suka samu a wajena.

Matsalar wannan hanya biyu ce. Ta farko jira: mai buƙatar irin motarka ba kullum yake fitowa ba, kana iya yin wata guda ko biyu. Ta biyu bashi. Za a ce maka, "Ka karɓi rabi, in ta tashi ta fara aiki sai mu cika." Kada ka yarda motar ta bar ƙofar gidanka a kan haka, sai dai in takardun asali suna hannunka kuma an rubuta ranar cikawa gaban shaidu. Mota in ta shiga gareji aka kwance ta, ba ka da abin da za ka karɓo in ciniki ya ɓaci.

Dillali yana da amfani a nan, domin shi ya san wanda yake nema a Argungu ko Kamba ko Sakkwato. Ku yanke la'ada tun kafin ya kawo kowa, kuma ka nemi ka zauna da mai sayen ido da ido lokacin sallamawa, don ka ji da kunnenka nawa ya biya. Sanya hotuna a Jiji ko Facebook ko sitatus na WhatsApp ma yana faɗaɗa kasuwa. Ka ɗauki hoton inda ya lalace tare da inda yake da kyau, ka rubuta ciwon ƙarara, sai ka huta da masu zuwa su ɓata maka yini. Wanda ka haɗu da shi ta intanet, ku yi ciniki da rana, da mutanenka a kusa. In tiransifa ce, saƙon da ya shigo waya ba hujja ba ne, alat na bogi ya yi yawa. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin makulli ya bar hannunka.

Hanya ta uku ita ce mutum ya zama mahaucin kansa, ya kwance motar ya riƙa sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. A lissafin takarda ita ta fi kowace kawo kuɗi, kuma shi ne abin da ke ruɗin mutane. Ka tambayi kuɗin giya a shago, da na birenbos, da na fitilu, ka haɗa, sai ka ga ya ninka tayin da aka yi maka. Sai dai farashin shago na mai shago ne, wanda ya biya haya, yake zaune daga safe zuwa magariba, kanikawa suka san lambarsa, kuma zai iya ajiye ƙofa shekara biyu har mai buƙata ya zo. Kai kuwa a makon farko za a zo a ɗauke masu daɗin: giya, altaneta, kik, fitilu. Daga nan sai kasuwa ta mutu. Ka rage da ƙwarangwal a ƙofar gida wanda mai tayarwa ba ya so, mai yanka ma ba ya so tunda an cinye tsokar. Ga kuɗin bakaniken da zai riƙa kwancewa, ga wanda zai dawo da kaya bayan mako guda ya ce ba ya aiki, alhali ba ka da tabbacin naka ne ya dawo da shi. Kasuwar kayan mota ta Birnin Kebbi ba Ƙofar Ruwa ba ce, ba kuma Panteka ta Kaduna ba, masu nema ba su kai yawan da za su kwashe mota guda da wuri ba. In kai bakanike ne, ko kana da ɗan'uwa mai shago da za ka jingina kayan a wajensa, bismilla. In ma'aikaci ne kai mai fita da safe, ka bar wa masu sana'ar.

Hanya ta huɗu ita ce 'yan gwangwan, masu jari bola. Ita ta fi sauri: ka kira da safe, kafin la'asar an biya ka, wurin ya zama fili. Ita kuma ta fi ƙarancin kuɗi, domin su ba mota suke saye ba, ƙarfe suke saye. Ana tara shi a loda a manyan motoci zuwa Kano ko kamfanonin narka ƙarfe na yankin Legas da Ogun, inda ake mayar da shi rodin gini. Nisan tafiyar nan da tsadar gas duk daga farashinka ake cire su, don haka kada ka ji kuɗin kilo a Legas ka ce sai shi za a ba ka a Kebbi.

Amma ko a nan akwai sanin da yake ƙara kuɗi. Golf 3 ta ɗan haura kilo 1,000, 406 tana wajen kilo 1,300, kuma kusan kashi biyu cikin uku na nauyin mota baƙin ƙarfe ne. Sauran roba ne da gilashi da kujeru da wasu ƙarafa masu tsada. Ka tambayi kuɗin kilo a wurare biyu ko uku a ranar, domin yana hawa yana sauka, ka yi lissafinka kafin mai saye ya iso. In ya yi maka kuɗin ido, kana da abin da za ka gwada da shi. In a sikeli ne, ka je ka tsaya a kai, ko ka tura wanda ka yarda da shi.

Kada kuma ka bari a haɗa komai a farashin baƙin ƙarfe. Batir ko ya mutu yana da kuɗinsa daban saboda dalmar da ke ciki. Lagireto alminiyam ne, na tsofaffin motoci kuma jan ƙarfe da tagulla. Wayoyi da cikin altaneta da kik jan ƙarfe ne, wanda kilonsa ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa. Rim na alminiyam ma haka. Sai babban cikinsu, abin da kanikawa suke kira indomi, wata tukunya a jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda cikinta yake kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Abin da dattijon nan yake saurare ke nan lokacin da ya ƙwanƙwasa salansata. Tsofaffin motoci masu kafireto irin 504 ba su da shi, kuma da yawa daga cikin masu shi an riga an cire musu a wani gareji mai motar bai sani ba. Ka sa a duba maka. In yana nan, a yi cinikinsa shi kaɗai.

Ku kuma daidaita tun farko wa zai biya janwe, ko kuwa a nan za a yanka. In a ƙofar gida za a yanka da wutar gas, sai an cire tanki an kai shi nesa, domin tankin da babu mai a ciki amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari. A kori yara daga wajen. Kada a bar baƙin mai da ruwan batir su kwarara inda awaki suke kiwo ko kusa da rijiya, kuma kada ka yarda a ƙona wayoyi a unguwa don a fitar da jan ƙarfe, hayaƙin guba ne.

Motar da ta dace da gwangwan ita ce wadda ta ƙone, ko ruwa ya ci ta ta daɗe a ciki, ko tsatsa ta gama da ƙasanta, ko irin wadda babu 'yan'uwanta a titi. Haka ƙwarangwal ɗin da aka riga aka kwashe kayansa. Amma motar da take da giya mai kyau da bodi mai kyau, a kai ta sikeli, asara ce tsagwaronta, sai dai in larura ce ta asibiti da ba ta jiran kwana uku. Ko a lokacin, ka kira mai yanka kafin ka kira mai sikeli, shi ma yakan biya nan take.

Saura maganar takardu, wadda ta shafi duk hanyoyin huɗu, kuma a yanayin tsaron da muke ciki a Kebbi da maƙwabciyarmu Zamfara ba abin wasa ba ce. Lambar motar da sunanka aka yi mata rajista. In aka aikata wani abu da ita bayan ta bar hannunka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Saboda haka ko 'yan gwangwan ka sayar wa, a rubuta yarjejeniya: sunan mai saye da adireshinsa, hoton katin shaidarsa, irin motar, lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, lambar injin, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu. In yankawa za a yi, ka cire lambobin gaba da baya ka ajiye, kuma kada ka miƙa takardun asali, domin takardun motar da aka narka suna iya zama rigar da za a sa wa motar sata. In tayar da ita za a yi, ku je ofishin hukumar tara haraji ta jiha a yi canjin mallaka, ka riƙe kwafin komai.

Takardun kwastan suna da nauyi na musamman a jiharmu, da yake muna iyaka da Nijar da Benin, kuma a ranar 1 ga Janairun 2017 umarnin gwamnatin tarayya na hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu ya fara aiki. Mai saye da ya san abin da yake yi zai tambaye su kafin komai. In ba ka da su, ka faɗa tun farko, farashi zai sauka amma ba za a dawo maka da rigima ba. In kuma motar gado ce, kamar yadda da yawa daga cikin waɗanda suke kwance a ƙofofin gidaje suke, babban wa ba shi da ikon sallamawa shi kaɗai. A tara magada, mata da maza, har da wakilin marayu ƙanana, a yarda da farashi, a rubuta. Na san gidan da zumunci ya yi rauni a kan tsohuwar 504 da kuɗinta bai kai na sa guda ba.

Ni dai matashin bakaniken nan da direbansa na sallama wa, a watan Satumban 2024. Mun rubuta takarda a zauren maƙwabcina, shi da limamin masallacin layinmu suka sa hannu. Na gaya musu maganar wayoyin da ɓera ya ci, na nuna musu inda ruwa yake shiga ta gilashin baya. Suka tura kuɗin, na duba na ga sun zauna, washegari muka je aka fara canjin suna. Da za su tafi da ita sai da suka zo da tayoyi biyu na aro, domin nata na gaba sun manne da ƙasa. Bayan kamar wata biyu na gan ta a hanyar Kalgo, an yi mata sabon fenti, an ɗaure buhunan albasa a but, fasinjoji cike. Da lanƙwasar da ke bambar baya na gane ta.